Me ya sa faifan da babu komai a cikinsa ya fi mai fim tsada?

Bayan bikin ɗiyar kawuna a Jega, an watse an kwashe rumfuna, sai mai ɗaukar bidiyo ya kawo aikin a cikin memori ɗan mitsitsi kamar farce. Kawu ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce shi ba ya ajiye tarihin gidansa cikin abin da kaza za ta iya haɗiyewa. Faifai yake so, wanda zai sa a akwati tare da takardun gona. Yaron ya ce to, amma sai an ƙara kuɗi, domin emti, wato faifan da ba a sa komai a cikinsa ba, ya yi tsada, kuma sai ya aika Birnin Kebbi an nemo. Da ya faɗi kuɗin guda ɗaya, Kawu ya juyo wurina ya ce, "Ɗana, kai da kay yi boko, mi yas sa hwaihwan da babu komi cikinai ya fi mai fim tsada? Ga su can bakin tasha cikin tire, da hoto da kwali, kuɗin goro."

Ranar ban ba shi amsar kirki ba, na dai ce dala ce. Dala na ciki, amma ba ita kaɗai ba ce, kuma ba daga ita zancen ya faro ba.

Kama da wane ba ta wane. Faifan fim na kamfani da faifan emti girmansu ɗaya: faɗin santimita 12, kaurin milimita 1.2, da huda a tsakiya mai milimita 15. Wannan awo kamfanonin Philips na Holan da Sony na Japan ne suka daidaita a kansa, sidi ya shiga kasuwa a 1982, aka fara buga shi a wata masana'anta da ke Langenhagen kusa da Hanoba a Jamus. Amma yadda ake shigar da abu cikinsu ya sha bamban. Ɗaya buga shi ake yi, ɗaya kuma ƙona shi ake yi, kuma duk lissafin farashin daga nan ya rabu.

Wanda ya fara kiran abin nan faifai, tun zamanin garmaho, ya iya sa suna. Matan da ke saƙa faifan rufe ƙwarya daga cibiya suke farawa, su riƙa zagayawa suna faɗaɗawa har baki. Haka bayanan da ke cikin sidi suke: layi ɗaya ne tal, ya taso daga tsakiya yana zagaye zuwa baki, kuma da za a warware shi ya miƙe sai ya haura kilomita 5. Tsananin matsuwarsa, zagaye sama da 600 ke shiga cikin milimita ɗaya. A kan layin akwai ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Hasken leza na bin layin, inda ya faɗa rami da inda ya taka fili hasken da ke dawowa yana bambanta, na'ura kuma ta mayar da wannan bambanci lambobi, lambobin su zama murya ko hoto. Launukan bakan gizo da ake gani a bayan faifai ma waɗannan layukan ne ke tarwatsa haske.

To yaya ake haƙa ramukan? Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen dalma ya riga ya ga rabin amsar. Wahalar tana wurin shirya mazubi. Idan mazubi ya samu, zubi ba ya ɗaukar lokaci. A masana'anta ana fara wa da faranti na gilashi da aka goge sumul, a shafa masa sinadari mai jin haske, leza ta zana dukan fim ɗin ko karatun a kansa, a wanke, ramuka su bayyana. Wannan aiki a ɗaki ake yinsa wanda ƙura ba ta shiga ko kaɗan, ma'aikata sun rufe jiki ruf, domin ƙwayar ƙura guda ta fi ramin girma nesa ba kusa ba. Wanda ya san hazon hunturu a Argungu zai gane cewa tsare ɗaki daga ƙura kaɗai kuɗi ne. Daga nan a tsoma gilashin cikin ruwan sinadari, a sa wutar lantarki ta tara ƙarfen nikel a fuskarsa har ya zama faranti. Masu sana'ar suna kiran wannan faranti na farko uba. Daga uba a ciro uwa, daga uwa a ciro 'ya'ya, kuma 'ya'yan nan su ne hatiman da ake ɗaurawa a injin.

Injin yana narkar da wata roba mai suna polikabonet da zafin da ya kai wajen digiri 300, ya tura ta da ƙarfi kan hatimin, ta sandare ɗauke da ramukan gaba ɗaya. Cikin 'yan daƙiƙu faifai ya fito. A fesa masa alminiyum siriri ƙwarai don ya riƙa mayar da haske, a shafa masa abin kariya, a buga hoto a sama. Fim na minti 10 da na minti 70 duk lokaci ɗaya suke ci, tunda bugu ɗaya ne. Hatimi guda kuma yakan fitar da dubbai masu yawa kafin ya gaji.

Emti kuwa, sunansa ne ke yaudara. Shi ma sai an narkar da robar nan an buga ta da hatimi, sai dai hatiminsa ba ramukan fim ke kansa ba, kwari ne siriri da ya zagaye faifan daga cibiya har baki. Gona ce da aka riga aka yi wa huɗa, an ja kunyoyi, shuka kawai ake jira. A jikin kwarin an rubuta bayanan da ke gaya wa kwamfuta ko wace masana'anta ta yi faifan da kuma gudun da zai iya ɗauka. Shi ya sa wani lokaci sunan da aka buga a fuskar faifai daban, wanda kwamfuta za ta nuna daban: masana'antu kaɗan ne ke ƙerawa, kamfanoni da yawa su saya su ɗora sunansu. Bayan kwarin sai a zuba rini na musamman, a juya faifan da gudu har rinin ya bazu daidai ko'ina. Sannan abin mayar da haskensa ba alminiyum ba ne, azurfa ake sawa, wasu masu tsada ma zinariya. Idan ka sa shi a kwamfuta, leza mai ƙarfi ce ke bin kwarin tana ɗosana wa rinin zafi, wuraren da suka ƙone su tsaya a madadin ramuka. Daga nan kalmar ƙonawa ta fito, kuma abin da ya ƙone ba ya komawa. Kamfanin Taiyo Yuden na Japan ne ya fara fitar da irin wannan faifai a 1988.

Ka ga ke nan a cikin masana'anta emti ya fi faifan bugu yawan matakai da tsadar kayan haɗi. Robar kanta ba wani abu ba ce. Faifai ɗaya gram 15 zuwa 16 ne, kilo guda na roba zai fitar da sama da 60, kilon kuma 'yan daloli ne. Idan mutum ya riƙe faifai a hannu yana tunanin kuɗinsa na robar ya biya, ya yi kuskuren lissafi.

Abin da ke yanke hukunci shi ne yawa. Mu ƙaddara, don misali kawai, shirya gilashi da hatimi ya ci naira 300,000. Idan faifai 500 za a buga, kowane ɗaya ya ɗauki 600 tun kafin a taɓa roba. Idan 50,000 ne, naira 6 kacal. Wannan ne ya sa masana'antun bugu ba sa karɓar ƙaramin aiki, sai ɗaruruwa zuwa sama. Ƙonawa ba ta da wannan kuɗin farko, amma kuma ba ta sauƙi da yawa: na farko da na dubu duk sai ka sayi emti, duk sai ka jira mintuna. Masu dabin, wato masu sana'ar kwafar faifai, sukan jera injuna bakwai ko goma a akwati ɗaya mai tsawo suna ƙonawa lokaci guda, janareta na shan mai, wasu faya-fayan kuma su lalace a tsakiyar aiki a zubar. Bikin ɗiyar Kawu kwafi biyu ake so. Babu masana'antar da za ta haɗa hatimin nikel saboda kwafi biyu, don haka dole a bi hanyar da ta fi tsada a kan kowane guda.

Mutum na iya gane wanne ke hannunsa. A kifa faifan. Idan bayansa fari ne sal kamar sabon kwano, kusan ko da yaushe na bugu ne. Idan yana ɗan kore ko shuɗi, ko ruwan hoda mai duhu ga dibidi, na ƙonawa ne, kuma da an karkata shi ga haske za a ga iyakar inda ƙunar ta tsaya.

Dibidi, wanda ya fito a Japan a 1996, ya ƙara wani mataki. Faranti biyu ne masu kaurin milimita 0.6 ake mannewa, bayanan suna tsakiya, kuma yana ɗaukar gigabait 4.7 inda sidi ke tsayawa a megabait 700. Kafin ya wadata a ƙasar nan, bisidi ne ya yi sarauta: fim a kan faifan sidi, minti 74 zuwa 80 ya cika. Wannan na cikin dalilan da suka sa fina-finanmu suka saba da na ɗaya da na biyu, ko da yake ba na cire son a sayar wa mutum labari ɗaya sau biyu. Da dibidi ya zo sai masu kwafa suka koma matse fim 10 ko 20 a faifai guda, fuskar jarumi ta koma kamar an zana ta da gawayi, amma mai saye ya ga arha.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi ba ni sha'awa, wato kuɗin abin da ke cikin faifan. A zamanin kaset da farkon zamanin sidi, furodusa a Kano sau da yawa ba faifai yake sayar wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ba. Kwali yake bugawa. Ya ba su asalin fim, su sayi kwalayen a hannunsa, su sayi emtinsu su kwafa, su zura a kwali su sayar wa dillalan da ke zuwa daga Sakkwato, Gusau, Birnin Kebbi, Jega, har da Nijar. Wato kuɗin marubuci, da na 'yan wasa, da hayar kyamara, da abincin ma'aikata a wurin ɗauka, duk sun rataya ne a wuyan wata takarda mai hoto. Tsari ne mai wayo, domin ya raba kuɗin roba da kuɗin fasaha a fili yadda kowa zai gani. Amma kuma ƙofarsa a buɗe take. Wanda ya sayi kwali 1,000 ya kwafa 3,000, wa zai ƙirga? Wanda ya sami kwafi ɗaya ya kai wa mai buga takarda ya kwaikwayi kwalin fa?

Mai satar fasaha bai biya kowa a cikin waɗancan mutane ba. Roba ya biya, da tawada, da mota. Idan kuma yana da hanyar masana'antar bugu, a gida ko a ƙetare, ya buga dubbai, kuɗin kowane faifai a wurinsa zai iya sauka ƙasa da abin da kai za ka biya ka sayi emti ɗaya a shago. Kasuwar Alaba da ke Legas ta yi suna a wannan harka shekara da shekaru, sunan da masu fim na kudu da na arewa duk suka koka da shi. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa ta fitar da ƙa'idoji a 2006 da suka wajabta wa masana'antun faifai yin rajista da sa lambar shaida a kan abin da suka buga. Idan ka duba zoben ciki na faifan kamfani, kusa da huda, za ka iya ganin ƙananan haruffa IFPI da wasu lambobi: ɗaya na nuna inda aka yi hatimi, ɗaya na nuna injin da ya buga. Masu sata sukan bar wurin fayau ko su goge. An kuma sake dokar haƙƙin mallaka gaba ɗaya, sabuwar ta 2022 aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, lokacin da satar ta riga ta bar faifai ta koma waya.

Akwai dalili na uku game da tiren bakin tasha, kuma ina jin shi ne ya fi kusa da abin da Kawu ya gani. Fim ɗanyen kifi ne. Makon da ya fito ake rububinsa, bayan wata guda kowa ya gani, a gidan maƙwabci ko a shagon kallo. Abin da ya rage a hannun ɗan kasuwa kwantai ne, kuma tunda ba a iya goge shi a sa wani, ko nawa aka taya gara ya karɓa. Emti ba ya kwantai irin wannan, yau da bara duk amfaninsa ɗaya. Saboda haka Kawu yana gwada farashin kayan da mai su ya fid da rai da na kayan da mai su ke jiran mabukaci.

Sai dala. Babu abin da ke cikin emti da ake samu a Kebbi. Robar daga sinadaran man fetur ake haɗa ta, manyan masu yinta irin su Covestro na Jamus da SABIC na Saudiyya ne. Ƙera emtin kuwa tun ƙarshen shekarun 1990 ya tattara ya koma Asiya, musamman Taiwan, inda kamfanoni irin su CMC Magnetics da Ritek da Princo suka cika duniya da shi har farashi ya faɗi warwas. Kwantena ta sauka Legas, a biya kwastan, a ɗora a mota ta bi Ilori, Jebba, Kwantagora, Yawuri, Koko kafin ta iso Jega, ko ta zaga ta Kano. A 2015 dala tana wajen naira 200 a farashin gwamnati. Farkon 2023 tana wajen 460. Bayan an saki naira a watan Yuni na shekarar, ta haura 1,500 a cikin 2024, ga kuma cire tallafin mai da ya ninka kuɗin mota. Ko da farashin faifai a Taiwan bai motsa ba, a nan dole ya tashi.

Amma ya motsa, don masu yinsa suna ta rufewa. A Amurka an sayar da sidin waƙa sama da miliyan 900 a shekarar 2000, daga nan aka fara gangara. Taiyo Yuden, wanda ya ƙirƙiro emtin, ya daina yinsa a ƙarshen 2015. Moser Baer na Indiya, wanda ya taɓa zama cikin manya a duniya, ya karye, kotu ta ba da umarnin sayar da kadarorinsa a 2018. Mitsubishi ya sayar da Verbatim ga CMC Magnetics a 2019. Sony ma ya daina yin emtin Blu-ray, faifan da ya fi dibidi ɗaukar kaya, a farkon 2025. Yawan da ya sa faifai ya yi arha shi ne ya janye, arhar ta bi shi.

A nan gida kowa shaida ne. 'Yan turi sun kafa tebur da kwamfuta a kowace kasuwa, a ba su waya ko memori su cika da fina-finai da wa'azi. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, masu shirya fim kuma suka koma dogon zango a YouTube. Yawancin sababbin kwamfutocin hannu ba su da wurin sa faifai. Waɗanda suka rage suna nema 'yan kaɗan ne: ɗalibin da aka ce ya haɗa kundin bincikensa da sidi, asibitin da ke ba majinyaci hoton gwaji a faifai, direban da tsohuwar motarsa ke karanta tafsiri daga faifai, da dattawa irin Kawu. Mai shagon da a da yake sayar da gwangwani mai 50 a yini, yanzu sai ya yi wata biyu bai ƙarar da shi ba. Jarinsa ya kwanta, kuma ya san wanda ya zo nema ba shi da wurin zuwa, ɗalibi ne gobe za a rufe karɓa. Ba na ganin laifinsa sosai idan ya ɗora riba mai kauri a kan guda.

Inda na saɓa da Kawu shi ne yardar da ya ba faifan. Na bugu, idan aka adana shi, yana shekaru gommai, tunda ramukansa a jikin roba suke. Na ƙonawa rini ne, kuma rini da rana ba sa shiri, kowace mace mai shanya atamfa ta sani. A bar shi a gaban mota cikin zafin watan Afrilu na Birnin Kebbi, ko a taga inda rana ke dukansa, sai ya fara tsalle, wata rana ya ƙi buɗewa ɗungurungum. Mai arha da aka ƙona da gudu mai yawa ya fi saurin mutuwa. Wani abin da mutane da yawa suka ɗauka a baibai: a sidi, gefen da ake rubutu a kai ya fi gefen ƙyalli rauni, domin bayanan suna ƙarƙashin hoton ne kai tsaye, abin da ya raba su bai kai kaurin takarda ba. Ƙarzuwar ƙasa sau da yawa ana iya goge ta, amma idan aka kafta biro a sama aka huda, an gama. Dibidi ya fi juriya ta nan saboda nasa bayanan suna tsakanin faranti biyu.

Da faya-fayan suka iso bayan kwana huɗu, biyu ne, bayansu ruwan hoda mai duhu. Kawu ya zaro biro daga aljihun gaba zai rubuta sunan amarya a kai, na ce, "Kawu, a gafarce ni, a rubuta a kwali." Ya dube ni ya ce to ai shi ke nan, boko ya yi rana. Na roƙe shi ya bar memorin ma a cikin akwatin, na kuma tura kwafi a wayar ƙanena da tawa. Ya naɗe memorin a ƙyalle ya ɗaure da zare don kada kaza ta gani.

Da magariba aka ɗauko na'urar kallo daga saman kabad, aka kaɗe ƙura, aka jona. Tiren ya fito da ƙara, ya ƙi komawa sai da wani yaro ya tura shi da yatsa.